Tsofaffin jiragen yaƙi a bikin nunin jirage: me ake yi idan matsala ta taso a sama?

Kowace shekara, a Faransa da Ingila da Amurka da wasu ƙasashe, dubban mutane na taruwa a filayen jiragen sama domin kallon tsofaffin jiragen yaƙi suna shawagi. Da yawa daga cikin jiragen nan an ƙera su ne a lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1939 da 1945, wasu kuma a shekarun 1950. Sojoji sun daɗe da sallamar su, yanzu ƙungiyoyi da gidajen tarihi da masu hali ne ke riƙe da su. A Faransa, bikin La Ferté-Alais da ake yi a kudancin Paris ya yi suna, kamar yadda filin Duxford ya yi suna a Ingila. Wasu daga cikin jiragen ba baƙi ba ne a wannan yanki namu: Noratlas da Broussard sun yi aiki a rundunar saman Nijar bayan samun ƴancin kai, Skyraider kuma sojojin Faransa sun yi yaƙi da shi a Aljeriya da Cadi, kafin ya koma hannun sojojin Cadi da na Gabon.

Jirgin da ya haura shekara 70 yana iya samun tangarɗa a kowane lokaci, kuma a bikin nuni yana shawagi ne ƙasa-ƙasa, kusa da jama'a. Saboda haka hukumomin sufurin sama da matuƙa suka tsara matakan da ake bi idan abu ya lalace a sama. Mafi yawan matakan nan, hatsari ne ya koyar da su.

Abin da ya bambanta tsohon jirgi da na zamani

Matsala ta farko ita ce inji. Yawancin jiragen yaƙin duniya na biyu injin fistan gare su, mai juya farfela, kamar injin Merlin na Spitfire da Mustang mai silinda 12. Kamfanonin da suka ƙera su sun daina yin kayan gyaransu, don haka sai an nemi tsofaffin kaya an gyara, ko a ƙera sababbi ɗaya bayan ɗaya. Makanikan da suka san su ma ba su da yawa.

Ta biyu, an ƙera su ne domin yaƙi. Abin da aka nema a wurinsu shi ne gudu da ƙarfi, kuma idan abu ya ɓaci, ana sa ran matuƙi ya diro da laima daga can sama. Suna da nauyi, kuma idan inji ya mutu suna saukowa da sauri. Da yawa suna da ƙaramar taya a wutsiya da dogon hanci, wanda ke tare wa matuƙi gani idan jirgin yana ƙasa, kuma yana iya kifewa ta gaba. Haka ya faru a Longuyon, a gabashin Faransa, a watan Yunin 2017: wani Spitfire ya dungura da hanci yana shirin tashi, ya kife, sai da jama'a suka taru suka ɗaga shi kafin a ciro matuƙin da ransa.

Ta uku, gogewa. Matuƙin soja yana tuƙa jirginsa kusan kullum. Wanda ke tuƙa tsohon jirgi yakan samu ƴan sa'o'i kaɗan ne a shekara, domin kowace sa'a tana cin kuɗi mai yawa, kuma yawancin jiragen ba su da na'urar koyon tuƙi ta ƙasa da za a riƙa gwada hatsari a cikinta. A ranar 24 ga Satumban 1972, a Sacramento ta Amurka, wani jirgin Sabre da ke barin wurin biki ya kasa tashi, ya zarce ya afka wa wani shagon sayar da kayan sanyi, mutum 22 suka mutu, 12 daga ciki yara. Masu bincike sun danganta hatsarin da ƙarancin gogewar matuƙin a kan irin wannan jirgi.

Shiri tun kafin a tashi

A wannan tsayi, matuƙi yana da daƙiƙu kaɗan ne kawai. Babu lokacin buɗe littafi. Shi ya sa ake yanke yawancin shawarwari tun ana ƙasa.

Kowane biki yana da mutum guda da ke riƙe da ragamar shawagi. A Faransa ana ce masa daraktan shawagi, kuma sai hukumar jiha ta ba da izini kafin a yi bikin. Da safe yakan tara dukkan matuƙa, da masu kula da hasumiya, da ƴan kwana-kwana, a yi bitar tsarin ranar: wa zai tashi da ƙarfe nawa, a wane tsayi, ta ina iska ke kaɗawa, wane filin jirgi ne mafi kusa idan an rufe wannan, waɗanne gonaki ne za a iya sauka a cikinsu, ina ƙauyuka da manyan hanyoyi suke. Ana kuma tsayar da kalmar da idan aka faɗe ta a rediyo, kowa zai dakatar da wasa nan take.

Akwai kuma layin da jirgi ba ya ƙetarewa zuwa wajen ƴan kallo. A dokar Amurka, jirgin da gudunsa ya haura kimanin kilomita 450 a sa'a yana yin wasanninsa ne a nisan mita 457 daga jama'a, mai matsakaicin gudu a mita 305, ƙananan kuma a mita 152. Hikimar ita ce, idan jirgi ya ƙwace, ƙarfin gudunsa ya kai shi gefe, kada ya kai shi cikin mutane. An ƙara tsaurara irin waɗannan dokoki bayan hatsarin Ramstein a Jamus, ranar 28 ga Agustan 1988, inda jiragen sojan Italiya uku suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin ƴan kallo, mutum 70 suka rasa rayukansu.

Matakai uku na farko

Duk matuƙin duniya ana koya masa jeri guda: ya fara riƙe jirgin, sannan ya san inda zai nufa, sannan ya yi magana. Dalilin jerin a fili yake. Jirgi yana tsayawa a sama ne saboda iskar da ke bi ta kan fukafukansa. Idan gudu ya ragu ya wuce wani ƙa'idajjen mizani, fukafukan sun daina ɗaukar sa, sai ya sulmiyo. Matuƙin da ya shagala da neman musabbabin matsala ko da yin bayani a rediyo, ya bar gudu ya zube, ya ƙara wa kansa matsala ta biyu wadda ta fi ta farko muni.

A bikin nuni, matakin farko shi ne daina wasa, a daidaita fukafukai, a juya wa jama'a baya. Idan jirgin yana da gudu, matuƙi yakan ɗaga hanci ya mai da gudun ya zama tsayi, domin tsayi shi ne lokacin tunani. Daga nan sai abubuwan da ya haddace: sauya tankin mai, kunna famfon mai na biyu, duba wutar buji.

Idan ya samu sarari, sai ya kira. Kalmar neman agajin gaggawa ita ce Mayday, ana faɗin ta sau uku. Asalinta Faransanci ne, daga kalmar neman taimako, kuma wani jami'in rediyo na filin Croydon a Landan, Frederick Mockford, shi ya kawo ta a farkon shekarun 1920, lokacin da yawancin jiragen filin ke zirga-zirga tsakaninsa da Le Bourget. Idan matsalar ba ta kai ta barazana ga rai nan take ba, sai a ce Pan-Pan, daga kalmar Faransanci ta lalacewar inji, wadda direbobi da makanikai a nan suka sani sarai. Akwai kuma lamba 7700 da matuƙi ke sakawa a na'urar da ke nuna jirginsa a rada, da zangon rediyo 121.5 na gaggawa. Waɗannan ƙa'idoji iri ɗaya ne a duniya baki ɗaya, har da sararin samaniyar da hukumar ASECNA ke kula da shi. Da an ji kiran, sauran jirage suna yin shiru su kauce, a bar wa mai matsala titi, motocin kashe gobara su matso.

Idan inji ɗaya tilo ya mutu

Babbar jaraba ga matuƙi ita ce ƙoƙarin kai jirgin titi ko ta halin ƙaƙa, domin jirgin yana da tsada kuma irinsa ba su da yawa. Ƙa'ida ta ce idan tsayi bai isa ba, a zaɓi fili mafi kyau da ke gaba a sauka, ko da jirgin zai lalace.

A watan Yulin 2017, a bikin Duxford, injin wani Mustang mai laƙabin Miss Velma ya soma yankewa yana dawowa, a lokacin da ake shirin sauka. Matuƙin, Mark Levy, ya ga ba zai kai titi ba, kuma akwai babbar hanyar mota a tsakani. Sai ya maida tayoyin ciki, ya sauka da cikin jirgin a wata gonar hatsi, ya fito lafiya. Ana maida tayoyi ne saboda dalili biyu: idan suna waje suna riƙe iska, jirgi ya fi saurin saukowa, kuma a ƙasa mai laushi suna iya nutsewa jirgin ya kife, matuƙi ya maƙale a ƙarƙashinsa.

A ranar 31 ga Yulin 2014, a sansanin Culdrose na sojan ruwan Ingila, injin wani Sea Fury ya lalace ana tsakiyar wasa. Matuƙin, Chris Götke, ya lallaɓa jirgin zuwa titi, ƙafar jirgin ta karye bayan ya taɓa ƙasa, ya zame kan ciyawa, ba wanda ya ji rauni. Daga baya an ba shi lambar yabo ta aikin sama. A ranar 17 ga Afrilun 2021 kuma, a bikin Cocoa Beach na jihar Florida, wani Avenger da injinsa ya mutu ya bi ta saman masu wanka a teku, ya sauka a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, matuƙin ya tsira.

Idan jirgin mai inji da yawa ne

Mutum zai ɗauka jirgi mai inji huɗu ba shi da damuwa idan ɗaya ya mutu. Sai dai injinan ɓangaren da ke da rai suna jan jirgin zuwa ɓangaren da ya mutu, kuma farfelar da ta tsaya tana riƙe iska kamar birki. Dole matuƙi ya juya ruwan farfelar su fuskanci iska da kaifinsu, ya riƙe gudu, ya kuma jinkirta fito da tayoyi har sai ya tabbata zai kai titi.

A ranar 2 ga Oktoban 2019, wani B-17 mai laƙabin Nine-O-Nine ya tashi daga filin Bradley a jihar Connecticut ɗauke da mutum 13, yawancinsu masu sha'awar tarihi da suka biya kuɗin yawo. Jim kaɗan sai matuƙin ya ce inji na huɗu yana tangarɗa, zai dawo. Jirgin ya taɓa fitilun gaban titi, ya kauce dama, ya daki wurin ajiyar sinadarin narkar da ƙanƙara, ya kama wuta. Mutum 7 suka mutu. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka ta gano cewa an fito da tayoyi da wuri, gudu ya ragu, kuma gyaran injinan bai inganta ba, har inji na uku ma ba ya ba da cikakken ƙarfi. Matuƙin da kansa shi ne shugaban sashen gyara, don haka babu wani na dabam da ke bin diddigin aikin. A watan Maris na 2020 aka janye wa ƙungiyar izinin ɗaukar fasinja.

Idan wasan kansa ya ɓaci

Ba kowace gaggawa ce ke zuwa daga lalacewar ƙarfe ba. A wasan alkafura, inda jirgi ke hawa sama ya kifa ya zagayo ƙasa kamar zobe, matuƙi yana da ma'auni da zai duba idan ya kai ƙololuwa: tsayi kaza, gudu kaza. Idan bai cika su ba, ba a ƙarasa zagayen. Sai ya mirgina jirgin ya daidaita, ya fita daga wasan.

Ranar 22 ga Agustan 2015, a Shoreham da ke kudancin Ingila, wani Hawker Hunter ƙirar shekarun 1950 ya kai ƙololuwa a tsayin kimanin mita 820, alhali ana bukatar kimanin mita 1070, gudunsa ma bai kai ba. Matuƙin, Andy Hill, ya ci gaba da zagayen, jirgin ya faɗa kan babbar hanyar A27, ya kashe mutum 11. Rahoton masu bincike na 2017 ya nuna cewa ba a horar da shi dabarar fita daga wannan wasa a irin wannan jirgi ba, kuma masu shirya bikin ba su auna haɗarin da ke kan mutanen da ke wajen fili yadda ya kamata ba. Kotu ta wanke matuƙin daga tuhumar kisa a 2019, amma a Disamban 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba. Kwanaki kaɗan bayan hatsarin, hukumar sufurin sama ta Ingila ta hana tsofaffin jiragen jet yin alkafura a saman tudu a wuraren biki, ta taƙaita su ga wucewa kawai.

Akwai kuma matsalar da ba ta barin wa matuƙi damar komai. A gasar tseren jirage ta Reno, ranar 16 ga Satumban 2011, sukurorin wani ɗan ƙaramin faifai a wutsiyar wani Mustang da aka yi wa sauye-sauye sun yi sako-sako, jirgin ya cilla sama da ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau 17, matuƙin ya fita hayyacinsa, jirgin ya faɗo kusa da ƴan kallo. Mutum 11 suka mutu har da shi. Irin wannan, a wurin gyara kaɗai ake iya tare ta.

Karo a sama

Idan jirage da yawa suna shawagi tare, ƙa'idar ita ce: wanda ya daina ganin abokin tafiyarsa ya faɗa a rediyo nan take, ya kuma kauce ta hanyar da aka tsara. A Duxford, ranar 10 ga Yulin 2011, fiffiken wani Skyraider da ya zo daga Faransa ya daki bayan wani Mustang. Matuƙin Mustang, Rob Davies, ya ga jirgin ya daina jin linzami, ya buɗe murfi ya diro da laima daga ƙasa-ƙasa, ya tsira. Skyraider ya sauka lafiya duk da ya rasa wani yanki na fiffikensa.

A Dallas ta jihar Texas, ranar 12 ga Nuwamban 2022, abin ya zo da muni. Wani P-63 Kingcobra ya afka wa wani B-17, mutum 6 da ke cikin jiragen biyu duk suka mutu. Rahoton ƙarshe na Disamban 2024 ya ce ba a tsara tun da safe yadda za a raba jiragen ba, ba a ba kowane rukuni tsayinsa ba, an dogara ne ga umarnin da mai riƙe da shawagi ke bayarwa nan take da kuma idon matuƙa, alhali siffar jirgin tana tare wa matuƙi ganin abin da ke ƙarƙashinsa idan yana kwana.

Laima da kujerar cilla matuƙi

Barin jirgi shi ne mataki na ƙarshe, kuma yana da sharaɗi: sai an karkatar da shi daga inda mutane suke. A jiragen farfela, matuƙi da kansa yake cire belt da wayar rediyo, ya jefar da murfi, ya fita. Shi ya sa ake son ya riƙa maimaita jerin da hannunsa kafin kowane tashi.

Tsofaffin jiragen jet kuwa, irin su Hunter, suna da kujera mai harsashi da ke cilla matuƙi waje. Harsasan suna da wa'adi, kuma samun sababbi yana da wuya. A ranar 14 ga Nuwamban 2009, a bikin Overberg na Afirka ta Kudu, matuƙin wani Lightning, Dave Stock, ya sanar cewa man hidrolik ɗin jirginsa ya samu matsala. Da jirgin ya ƙwace, ya ja kujerar, ba ta fita ba, ya mutu. Bincike ya nuna gazawa a gyaran jirgin, har da kujerar da lokacin duba ta ya wuce.

Aikin waɗanda ke ƙasa

Ƴan kwana-kwana suna bukatar sanin kowane jirgi kafin biki: ta ina ake buɗe murfinsa daga waje, ina tankunan mai, ina batir. Man jiragen farfela yana kama wuta da sauri fiye da kananzir ɗin jiragen jet, kuma da kumfa ake kashe shi. Wasu sassan tsofaffin jirage an yi su da ƙarfen magneziyom, wanda ruwa ke ƙara wa wutarsa ƙarfi. Kujerar da ba ta tashi ba kuma tana iya fashewa a hannun mai ceto idan ba a sa mata ƙusoshin tsaro ba, abin da masu binciken Shoreham suka ja hankali a kai.

Ramstein ya nuna muhimmancin tsarin likitoci. A ranar, an samu ruɗani tsakanin masu ceto na sojan Amurka da na Jamus, har kayan ƙarin ruwansu ba su dace da juna ba. Yanzu ana tsara tun farko wa ke ba da umarni, wace hanya aka keɓe wa motocin asibiti, waɗanne asibitoci ne ke karɓar masu ƙuna.

Ga ɗan kallo, abin da ake nema kaɗan ne: ya tsaya a inda aka keɓe, ya saurari mai sanarwa, kada ya ruga wajen jirgin da ya faɗi, kada ya tare hanyar masu agaji. Tsayawa a bakin hanya ko a gona a wajen fili domin kallon kyauta ya fi haɗari, domin can ne ake karkatar da jirgi idan ya samu matsala. Dukkan mutum 11 da suka mutu a Shoreham suna wajen filin bikin ne, wasu a cikin motocinsu, wasu a bakin hanya.